Yadda za ka ciyar da tsuntsaye a bayan gida in ƙanƙara ta dawo bayan baƙin bazara sun iso

Duk wanda ya taɓa cin hunturu ko guda ɗaya a jihar Minesota ta Amurka ya san watan Maris ba abin yarda ba ne. Yau rana ta fito, ƙanƙara na narkewa, ruwa na ɗiga daga rufi har ka fara tunanin naɗe manyan rigunan sanyi, jibi ka farka ka tarar an sake lulluɓe gari fari fat kamar ba a taɓa yin rana ba. Afrilu ma ba ta da tabbas. A 2018, tsakiyar Afrilu, dusar ƙanƙarar da ta sauka a Miniyapolis cikin 'yan kwanaki ta kusa inci 16. Mu dai iyaka mu ɗau shebur mu yi ta mita, amma akwai waɗanda abin ya fi ci, wato tsuntsayen da suka riga suka baro kudu suka iso.

A gida in aka ga shamuwa an san damina ta kusa. To nan shamuwarsu wani baƙin tsuntsu ne mai jan tabo a kafaɗa, mazan ke fara isowa cikin Maris su kama wuri a bakin fadama suna ta kuka, matan sai bayan makonni. Sai robin mai jan ƙirji, sai girakul masu ƙyalli da dogon bindi da ke zuwa a garke. Abin da ke taso su daga kudu tsawon yini ne, da rana ta fara daɗewa jikinsu ya ce a tafi, ba su da labarin abin da ke jiransu a arewa. Shi ya sa in ƙanƙara ta dawo ta rufe ƙasa kwana biyu ko uku sai su shiga uku, kuma a waɗannan kwanakin ne abin da ka zuba a bayan gida yake da amfani na gaske. Sauran lokaci yawancinsu za su iya rayuwa ba tare da kai ba, kai ne ma ke morar kallo.

Ka fara sanin su wa kake ciyarwa

Kuskuren da na yi shekarar farko shi ne na ɗauka tsuntsu tsuntsu ne, a watsa hatsi kowa ya ci kamar kajin gida. Ashe kashi biyu ne. Akwai 'yan gari da suka ci hunturun nan tare da mu: cikadi ɗan ƙarami mai baƙar hula wanda nauyinsa bai wuce giram 11 ko 12 ba, kadinal ja zur mai tukku, bulu-je mai surutu, maƙwaƙwafi iri-iri, da janko mai toka-toka da farin ciki wanda shi nan ne kudunsa, ya sauko ne daga dazukan arewa kuma yana shirin komawa. Waɗannan sun san kan sanyi. Cikadi ma da dare yakan sauke zafin jikinsa da digiri kusan 10 a ma'aunin Celsius don ya tattala kitsen da ya tara da rana, kuma yana ɓoye tsaba a ɓawon itace ya dawo ya ɗauka. Su tsaba suke so.

Kashi na biyu su ne baƙin. A cikinsu mai jan kafaɗa da girakul ba su da matsala, duk abin da suka samu ci suke. Amma robin tana yake ci da ƙwari da 'ya'yan itace, ko ka cika masa buhu da tsaba ba zai kula ba, zai tsaya gefe ya kumbura gashi yana kallo. Haka shi ma shuɗin tsuntsun nan bulubad. Su ne ƙanƙarar Afrilu ke kassarawa, kuma su ne mazubin tsabar da ka rataya ba ya yi musu komai. In ba ka iya bambance su ba ka sauke manhajar Merlin a waya, ta Jami'ar Cornell ce kuma kyauta ce, ka kunna ta a bakin taga da asuba za ta saurari kukan ta gaya maka sunan mai yi.

Kafin ka sayi komai, tambayi mai gida

In gidan haya kake ko unguwa mai ƙungiyar masu gidaje, ka duba takardar yarjejeniya, wasu sun hana rataya abincin tsuntsaye a baranda saboda ɓeraye da kashi. Sannan wata magana da ya kamata a gaya wa yara tun wuri, musamman waɗanda suka taso da danƙo da tarko: a Amurka akwai dokar tarayya tun 1918 da ta haramta kamawa ko kashewa ko ajiye tsuntsayen ƙasar, har da ƙwai da sheƙa da gashinsu. Ba wasa ake da ita ba. Kurciyar da ke sauka a ƙarƙashin mazubinka kallo kawai za ka yi, ita farautarta sai da lasisi da lokaci kuma ba a cikin gari ba.

Inda za ka kafa

Wannan matakin mutane ke rainawa kuma shi ke kashe tsuntsaye. Gilashin taga yana nuna musu sama da itatuwa sai su taho a guje su daku. An ƙiyasta ɗaruruwan miliyoyin tsuntsaye ke mutuwa haka duk shekara a Amurka. Ƙa'idar ita ce ko dai ka kafa mazubin dab da taga, ƙasa da ƙafa 3, yadda ko ya firgita ya tashi bai samu gudun da zai ji ciwo ba, ko kuma ka kai shi nesa fiye da ƙafa 30. Tsakanin nan ne haɗari. In ba yadda za ka yi, ka yi wa gilashin ɗigo-ɗigo ko layuka ta waje, tazarar inci 2, ko da sabulu ne ko fentin yara mai wankuwa. Hoton shaho guda ɗaya da ake mannawa a tsakiyar taga ba ya hana komai, gefensa za su bi.

Ka nemi gefen gida da iska ba ta duka, a nan iskar sanyi galibi daga arewa maso yamma take zuwa, don haka kudu ko gabashin gida ya fi. Ya zama akwai wata bishiya mai duhuwa ko shinge kamar ƙafa 10 daga wurin, su samu inda za su faɗa in shaho ya kawo farmaki, amma kar ya matso sosai har kyanwa ta samu maɓoya. In ba ka da bishiya, tara rassan da iska ta kakkarya a kusurwa guda, tsibin ƙirare kawai, za ka sha mamakin yadda ƙananan za su maida shi gida.

Abin da za ka saya, da abin da za ka bari a kanti

In abu ɗaya kuɗinka zai iya, sayi baƙar tsabar sanfulawa, ƙananan nan masu mai. Ɓawonta ba tauri, maiƙonta da yawa, kusan duk mai cin tsaba yana so. Buhunan gauraye masu araha kuwa ka juya ka karanta bayansu tukuna. Za ka ga jajayen ƙwayoyi zagayayyu da suke kira mailo, wallahi dawa ce, dawar nan tamu da ka sani, ita ake cika buhun da ita don ya yi nauyi, kuma yawancin tsuntsayen wannan yankin ture ta suke ƙasa su bar wa ɓera. Na yi dariya ranar da na gane, abin da ake tsare gona da gwangwani da majajjawa saboda shi, nan an zuba kyauta an ƙi ci. Farin gero ƙanana da ke cikin buhun shi yana da masoya, janko da kurciya da su gwara, ko da yake ba irin geronmu na fura ba ne, wani jinsi ne daban. Shi a ƙasa ake watsa shi ko a faranti, don masu cinsa ba sa son lilo.

Gyaɗa ɗanya ko gasasshiya marar gishiri bulu-je da maƙwaƙwafi na so, amma in ta fara fumfuna zubar da ita za ka yi, gubar da ke cikin ruɓaɓɓiyar gyaɗa tana kashe su. Akwai kuma wata siririyar baƙar tsaba mai suna Nyjer da ake kawowa daga Habasha da Indiya, ta ƙananan tsuntsaye ce irin golfinc, tana da tsada kuma in ta daɗe ta bushe ba sa ci, sayi kaɗan. Burodi, ragowar tuwo, shinkafa mai mai da magi, cincin, duk wani abu mai gishiri, kar ka zuba. Burodi cika ciki yake ba ƙarfi, tsuntsun da ya kwana da shi a daren sanyi kamar wanda ya yi sahur da ruwa ne.

Kitse

A daren da sanyi ya sauka ƙasa da sifili, kitse ya fi komai. Ana sayar da shi a dunƙule kamar sabulu, amma haɗawa a gida ba wuya. Je shagon naman halal, a Miniyapolis suna da yawa albarkacin 'yan uwanmu Somaliyawa, ka ce a ba ka farin kitsen saniya mai tauri na wajen ƙoda. Yanka shi ƙanana, ɗora a wuta kaɗan-kaɗan har ya narke, kar ka bari ya yi hayaƙi, sai ka tace. Kofi 1 na narkakken kitse, kofi 1 na markaɗaɗɗiyar gyaɗa marar gishiri da sukari, kofi 2 zuwa 3 na garin masara, ɗan tsabar sanfulawa, ka juya ka zuba a roba ka sa a firiza. In ya daskare ka yanka ka sa a ɗan kejin waya ka rataya jikin bishiya. Kar ka yi amfani da man da ya rage a kaskon suya, gishiri da yaji sun shiga kuma yana da laushi yana ɓata musu gashi, gashin da ya yi maiƙo kuwa ba ya tare sanyi. Da gari ya fara ɗumi sosai ka rage, don kitse na narkewa ya yi wari.

Daren da aka ce za ta sauka, da safiyar da ta sauka

Nan ne ainihin aikin. Da ka ga waya ta nuna dusa na tafe, tun la'asar ka cika komai, saboda tsuntsaye sukan ci sosai kafin hadari da kuma dab da magariba. Sannan ka samu tsohon tamfol ko faifan katako ko kwali mai kauri ka shimfiɗa a kan ciyawa ko gindin shuke-shuke inda busassun ganye suka taru, ka danne da duwatsu. Ka jiƙa zabibi a ruwan ɗumi ya kwana.

Da asuba bayan salla, kafin ma ka taɓa hanyar mota, fita ka kakkaɓe mazubai, ka tsokane ramukan da ƙanƙara ta toshe, ka zubar da tsabar da ta jiƙe ta dunƙule. Sai ka ɗage tamfol ɗin. Abin da za ka gani shi ne ƙasa baƙa a tsakiyar fari, kuma daga sama wannan tabon kamar allon talla yake ga robin. In ba ka shimfiɗa komai ba, share fili da shebur kamar girman tabarma biyu har sai ƙasa ta fito, ka ɗan barbaza ganyen da manjagara. A nan za ka zuba zabibin da ya kumbura, tuffa yankakkiya ƙanana, inabi rabi-rabi, ɓarɓashin kitsen nan, da tsutsar da ake sayarwa a shagon kayan dabbobi wadda suke kira milwom. Mai rai ta fi jan hankalinsu don tana motsi, sai dai sanyi na sandarar da ita da wuri, busasshiyar kuma a jiƙa ta minti 20 zuwa 30 a ruwan ɗumi. Zuba kaɗan-kaɗan sau biyu ko uku a yini ya fi tuli guda da zai daskare ya zama dutse.

Wata safiya irin wannan na tsaya bayan labule da kofin shayi ina kallon wani robin da ya sauka bakin filin da na share. Ya kumbura ya zama kamar ƙwallo, ƙafa ɗaya a ɓoye cikin gashi. Ya fi minti biyar bai motsa ba, yana karkata kai yana duban zabibin da ido ɗaya kamar mai zargin an yi masa asiri. Can sai ya yi tsalle uku, ya ɗauki guda ya haɗiye, wuyansa ya motsa, ya sake tsayawa. Kafin shayina ya huce sun zama bakwai, har da wani da ya maida kansa sarkin wuri yana korar sauran duk da ba zai iya cinye rabin abin ba. Tun daga ranar nake share fili biyu nesa da juna.

In a unguwarku akwai itatuwan da 'ya'yansu suka kwana hunturu a reshe, irin ƙananan tuffan nan na ado, za ka ga robin sun yi musu dafifi. Masu gidan kansu su yi tunanin dasa guda, ya fi kowane mazubi daɗewa.

Ruwa

Cin ƙanƙara na iya kashe musu ƙishi amma yana cinye zafin jiki. Faranti mai faɗi marar zurfi, ruwa inci 1 zuwa 2, da dutse a tsakiya don su taka. Akwai mai hita a ciki da ake jonawa da wuta, in za ka saya ka tabbata soket ɗin waje ne mai katse kansa in ruwa ya taɓa. In babu, ka riƙa fitar da ruwa mai ɗumi kaɗan da safe da rana, ka yi amfani da roba don tangaran fashewa yake. Kar ka kuskura ka zuba gishiri ko maganin hana daskarewa na mota, guba ne. Robin da ya ƙi tsabarka zai zo wa ruwanka.

Baƙin da ba ka gayyata ba

Kurege. Na nan a bishiya yake zama, toka-toka mai bindi kamar tsintsiya, amma halin dai na kuregen tatsuniya ne sak. Na sayi mazubin roba mai kyau shekarar farko, kwana huɗu ya huda shi. Lissafin da masu harkar ke yi shi ne yana tsallen ƙafa 5 sama, ƙafa 7 a gicciye, yana kuma dirowa daga ƙafa 9. To ka kafa sandar ƙarfe nesa da reshe da shinge da rufi, ka sa mata abin nan mai kama da mazurari a kife a ƙasan mazubi. Kar ka shafa wa sandar man girki ko giris, yana lalata gashin tsuntsu da na kuregen. Akwai tsabar da aka cuɗa da barkono, tsuntsu ba ya jin zafin barkono amma kurege na ji, tana aiki a kan wasu, wasu kuma kamar 'yan Kano suke da yaji, ci suke suna hawaye. Ni daga ƙarshe sulhu muka yi, ina ajiye masa masara a can ƙarshen fili.

Girakul da mai jan kafaɗa in suka sauko su hamsin za su share mazubi kafin azahar. A ranar ƙanƙara ni dai ina ƙyale su, su ma matafiya ne da yunwa, ina watsa musu ɓarzajjiyar masara can gefe. In abin ya yi yawa ka canza zuwa farar tsabar safulawa (wata ce daban, ba sanfulawa ba), kadinal da cikadi na ci amma girakul da kurege ba su cika so ba, ko ka sayi mazubi mai keji wanda ƙananan kaɗai ke shiga.

Da safe ka duba sawu a kan dusar, labarin dare duk yana rubuce a wurin. Sawun zomo, dogaye biyu a gaba ƙanana biyu a baya. Na rakun, wata dabba mai baƙin zane a kewayen ido, kamar tafin hannun jariri, shi da dare yake zuwa kuma yana iya sauke kejin kitse ya tafi da shi, in ya saba ka riƙa shigar da kayan ciki da magariba. Barewar nan tasu ma tana zuwa lasar tsaba, kuma wasu gundumomin Minesota sun hana ciyar da ita saboda wata cutar ƙwaƙwalwa da ke yaɗuwa a tsakaninsu, don haka ka ɗaga mazubi yadda ba za ta kai ba. Talo-talon daji kan shigo unguwa a jere kamar masu zuwa ɗaurin aure, kar ka saba musu, mazan na da faɗa a wannan lokacin.

Shaho zai zo, wannan ba makawa. Za ka ga wuri ya yi tsit, cikadi ya daskare a reshe ko ƙifta ido ba ya yi. Shi ma abincinsa yake nema kuma doka na kare shi. In ya maida gidanka kanti, sauke mazubai kwana uku zuwa mako ya gaji ya canza unguwa, amma ba a tsakiyar ƙanƙara ba. Kyanwa ce babbar ɓarna, ƙiyasin da aka yi a 2013 ya ce kyanwowi na kashe tsuntsaye sama da biliyan 2 a shekara a Amurka. In kana da ita ka bar ta a ɗaki.

Tsafta, don kar taimako ya koma cuta

Inda tsuntsaye suka taru a kwano ɗaya cuta na yawo, musamman yanzu da ƙanƙara ke narkewa tana tono ɓawo da kashin wata huɗu. Duk mako biyu ka sauke mazubai, ka goge da buroshi da sabulu, ka jiƙa minti 10 a ruwan bilic, kashi 1 bilic kashi 9 ruwa, ka ɗauraye sosai ka bari ya bushe ƙarau kafin ka zuba tsaba. Sa safar hannu, kuma ba a wurin wanke kwanonin abinci ba. In ka ga tsuntsu ya kumbura yana gyangyaɗi da rana bai gudun mutum, ko idonsa ya kumbura ya yi ɓawo, sauke komai na mako biyu su watse. Kar ka ɗauki gawa da hannu tsirara. Tun da murar tsuntsaye ta ɓarke a 2022, duk mai kiwon kaji ko agwagi a bayan gida gara ya haƙura da mazubi gaba ɗaya.

Da ƙasa ta bushe ka kwashe tulin ɓawon da ke ƙarƙashin sanda da manjagara ka zuba a shara, ɓawon sanfulawa na hana ciyawa tsirowa kuma ɓeraye na sonsa. Buhun tsaba a garwar ƙarfe mai murfi ake ajiye shi, roba ba ta tare haƙorin ɓera, na gwada.

Masu zama arewacin jihar ko kusa da daji, ku naku lissafin daban ne. Beyar, wata ƙatuwar dabbar daji, na farkawa daga barcin hunturu a ƙarshen Maris zuwa Afrilu da yunwar wata biyar, kuma hukumar kula da namun daji ta jihar na ba da shawarar a sauke abincin tsuntsaye daga 1 ga Afrilu zuwa 15 ga Nuwamba a irin waɗannan wurare. In ƙanƙara ta sauko bayan wannan ranar, share ƙasa ka zuba kaɗan da safe wanda zai ƙare kafin la'asar, kar komai ya kwana a waje. Mu na cikin gari muna iya ci gaba, sai dai ka riƙa rage gero da ka ga janko sun fara ƙaranci wajen ƙarshen Afrilu, don in sun koma arewa babu mai cinsa sai kurciya da gwara da ɓera.